Mai Gyaran Rediyo a Tarihin Arewacin Zamfara: Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Idan ana maganar sana'o'in Hausawa, akan ambaci ƙira da saƙa da jima da dukanci da rini da sassaƙa, daga nan sai a rufe baki. Dalili kuwa shi ne waɗannan su ne sana'o'in da aka gada kaka da kakanni, kowace da sarkinta da makaɗanta da kirarinta. Amma akwai waɗansu sana'o'i da zamani ya haifa, suka yi tashe, har ga shi sun fara tsufa, ba tare da an rubuta tarihinsu ba. Gyaran rediyo da rikoda yana daga cikinsu. Wannan lacca za ta bi sawun wannan sana'a a garuruwa uku na arewacin Zamfara, wato Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ta nuna yadda ta shigo, da yadda masu ita suke aiki, da kuma hasarar da za a tafka idan aka bari ta mutu.

Ƙasar da Hanyoyinta

Kafin a kai ga rumfar mai gyara, ya kamata a san hanyar da kayan suka biyo. Ƙaura Namoda ta samo sunanta ne daga Muhammadu Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi. Amma abin da ya sauya mata fuska a ƙarni na ashirin shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta ƙare a Ƙaura cikin shekarar 1929. Turawa sun shimfiɗa ta ne don kwasar gyaɗa da auduga da fatu. To, taragon da ya tafi da gyaɗa ba ya komowa wayam. Yakan komo da atamfa da kananzir da keke da fitilar ƙwai da garmaho, daga baya kuma da akwatin rediyo.

Daga Ƙaura hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta yi arewa, ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi, inda babbar kasuwa take ci ranar Alhamis, tana haɗa fatake daga Sakkwato da Katsina da Kano, har da na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Ɗayar kuma ta nufi Zurmi, ta wuce Jibiya da Katsina. Saboda haka duk wani sabon abu da ya sauka a tashar Ƙaura, ba a daɗewa sai a gan shi a kasuwar Shinkafi, daga can kuma ya bazu cikin ƙauyuka.

Shigowar Akwatin Rediyo

Rediyon farko da talakan Arewa ya sani shi ne mai waya, wato akwatin da ake kafawa a bango, a jawo masa waya tun daga tasha. An buɗe irin wannan tasha a Kano a 1944, amma tsarin ya tsaya ne a manyan birane. Wanda yake nesa da su sai dai ya nemi rediyo mai bawul, wato mai waɗansu 'yan kwalabe na gilashi a ciki, waɗanda sai sun ɗauki zafi kafin murya ta fito. Irin wannan akwati yana da tsada da nauyi, ga cin batir, don haka ba a cika ganinsa ba sai a gidan hakimi ko alƙali ko babban attajiri.

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka sauke rediyo daga soron sarauta zuwa gindin bishiya. Na farko shi ne tiransisto, wani ɗan ƙanƙanen abu da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, wanda yake yin aikin bawul ba tare da yawan zafi ko yawan cin wuta ba. Da shi ne kamfanonin Japan suka yi ta ƙera ƙananan rediyo masu aiki da batirin tocila. Na biyu kuwa shi ne samuwar abin saurare da harshen Hausa. A ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara watsa shirye-shiryenta da Hausa, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna. Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979.

A wancan zamani duk waɗannan tashoshi a kan gajeren zango ake kama su, domin shi ne yake tashi sama, ya daki wani rufi na sararin samaniya, ya faɗo a ƙasa mai nisa. Da haka manomin Zurmi ya san mita 49, inda Kaduna take, kamar yadda ya san hanyar gonarsa. Ta nan ya ji rasuwar Sardauna a Janairun 1966, ya bi labarin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ya ji kisan Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ta nan kuma ya aika gaisuwa a Zaɓi Sonka, ya saurari Jakar Magori. Abin da ya shiga rayuwar mutum haka, ranar da ya yi shiru dole a nemi mai tashinsa.

Masu gyara na farko a yawancin garuruwan da jirgi ya ratsa mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari. Bayan rikicin 1966 da yawa daga cikinsu suka koma gida, sai yaran da suka yi musu hidimar shago suka gaji teburin. Tun daga lokacin sana'ar ta ɗauki tsarin sana'o'in gargajiya: uba ya kai ɗansa wurin maigida, yaro ya fara da shara da kwance noti, ya yi shekaru yana kallo, sannan a yaye shi.

Zamanin Udoji da Sitiriyo

Ma'aikatan gwamnati ba za su manta da sunan Jerome Udoji ba. Hukumar da ya shugabanta ta miƙa rahotonta a 1974, aka ƙara albashi, aka kuma biya bashin watannin baya a dunƙule a farkon 1975. Malamin makaranta da akawu da ma'aikacin jirgin ƙasa suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Waɗansu suka sayi babur, waɗansu suka ƙara aure, da yawa kuma suka sayi rediyo mai kaset. Shi kaset ɗin kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Alhazai ma suka riƙa dawowa da irin waɗannan akwatuna daga Makka da Jidda. Sunaye irin su National da Sharp da Sanyo suka zama sanannu har a bakin yara.

Wanda ya fi ƙarfi kuwa yakan sayi sitiriyo, irin su Pioneer da Sansui da Kenwood: akwati mai fuskar azurfa da allura mai haske, da lasifika biyu manya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Akan ajiye shi a falo, a lulluɓe shi da ƙyalle mai ado. Wani abin lura shi ne, an ƙera waɗannan akwatuna ne musamman don zangon FM, alhali tashar FM ta farko a Nijeriya sai a 1977 aka buɗe ta, a Legas, kuma FM ba ya cin dogon zango. Don haka a Ƙaura da Shinkafi wannan sashe na akwatin ya yi shekaru bai ce uffan ba. Faifai da kaset su ne abincinsa.

Yadda Ake Gyaran

Cikin sitiriyo sassa uku ne. Akwai mai rarraba wuta, wanda tiransifoma take shugabanta. Akwai mai kamo tasha. Akwai kuma mai ƙara ƙarfin sauti ya miƙa wa lasifika. Kowane sashe da irin cutarsa, kuma yawancin cututtukan ƙasar ce take jawo su, domin waɗanda suka ƙera akwatin ba su yi shi don hunturu da bazarar Zamfara ba.

Ƙurar hunturu takan shige cikin maɓallin ƙara murya, sai a ji yana ƙarar-ƙarar idan an murɗa shi, ko ɓangare ɗaya ya ɗauke. Zafin bazara yakan busar da ruwan da yake cikin kafasta, wato 'yan gwangwanayen da suke tace wuta, sai akwati ya kama gurnani. A wancan zamani wutar NEPA, hukumar da aka kafa a 1972, takan zo da ƙarfi fiye da kima ta ƙone fis, in an yi rashin sa'a ta haɗa da tiransifoma. Akwatunan da aka sayo daga waje sukan zo da maɓallin zaɓi tsakanin wuta 110 da 220, kuma wanda ya jona ba tare da ya duba ba, hayaƙi ne zai ba shi labari. A ƙauye, inda ake amfani da batirin mota, juya waya ɗaya kawai ya isa ya kashe tiransisto. Batirin da aka manta a ciki yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfe. Kyankyasai da ɓeraye da zanzaro su ma suna da nasu rabon.

Kayan aikin mai gyara ba su da yawa: sukundireba, da filaya, da mita ta awon wuta, da dalma, da ƙarfen narka ta. Inda babu lantarki, a kan garwashi ake gasa ƙarfen, ta yadda mai gyaran rediyo ya koma ɗan'uwan maƙeri. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Yakan fara da tambayar mai kaya yadda abin ya faru, kamar yadda likita yake yi. Sannan ya buɗe, ya shinshina ko akwai ƙauri, ya duba ko wata kafasta ta kumbura, ya taɓa ya ji inda ya yi zafi. Bayan haka ne mita take shiga.

A nan ne sitiriyo yake da wata baiwa da ta taimaki wanda ba shi da takardar zanen kamfani. Tun da sautin dama da na hagu kowane da hanyarsa, sassan biyu tagwaye ne, komai nasu iri ɗaya. Ba safai suke mutuwa tare ba. Sai mai gyara ya auna wuri a ɓangaren da yake da lafiya, ya auna takwaransa a ɓangaren da ya mutu, yana tafe yana gwadawa, har ya iso inda awon ya saɓa. Nan cutar take. Wato Hassan ne yake nuna abin da yake damun Husaini.

Sashen kaset kuwa aikin hannu ne zalla. Bel ɗin roba yakan saki, ko ya narke ya zama kamar kwalta, sai a kankare a sa wani. Kan da yake karanta zaren kaset akan goge shi da auduga da sifirit, a daidaita shi da ɗan noti har murya ta washe. In gudun injin ya kauce daga ƙa'idarsa, wato santimita 4.76 a daƙiƙa, sai muryar mawaƙi ta koma ta yaro ko ta basamude, kuma da kunne ake mayar da ita daidai, da waƙar da mai gyara ya haddace.

Shekarun Tsuke Bakin Aljihu

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, aka taƙaita shigo da kaya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta zube. Ma'aikacin da ya sayi sitiriyo da kuɗin Udoji ya tarar albashinsa ba zai sayi sabo ba. Wannan lokaci shi ne ganiyar masu gyara. Kayan gyara sai an je Sabon Garin Kano, ko an yi saƙo Anaca ko Alaba ta Legas, saboda haka ba a zubar da mataccen akwati. Akan jibge su a bayan shago, a riƙa cirar sassa daga wannan ana rayar da wancan. Tiransifomar da ta ƙone akan warware ta, a ƙirga zagayen wayar, a sake naɗa ta da hannu. Ranar Alhamis kuma mai gyara ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya nufi Shinkafi, mutanen ƙauye su kawo da safe su karɓa da la'asar.

Daga Kaset zuwa Wayar Hannu

Abin da ya karya kasuwar shi ne araha. Ƙananan rediyo na ƙasar Sin suka cika kasuwa, waɗanda kuɗin gyaransu ya kusa kuɗin sabo. A 2001 wayar hannu ta shigo, ba a jima ba waƙa da wa'azi suka koma cikin ɗan katin da bai kai farce ba. Yaran shago suka koma gyaran waya, iyayen gidansu suka tsufa a kan teburinsu.

Duk da haka rediyo bai gama aikinsa ba. A 2021, saboda ta'addancin 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya a duk faɗin jihar har tsawon makonni masu yawa. A waɗannan kwanaki wayar hannu ta zama tocila kawai. Mutumin Zurmi ko Shinkafi da yake son jin abin da ake ciki, har game da garinsu, sai ta akwatin da ba ya bukatar turken kamfanin waya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kammalawa

Hasarar da take tafe ta fi ta sana'a kawai. Wannan yanki shi ne ya haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya kuma haifi Kassu Zurmi. Ban da waƙoƙin da gidajen rediyo suka adana, akwai kaset masu yawa a cikin adakoki da akwatunan gidaje, waɗanda mutane suka ɗauka da rikodarsu a wurin tafsiri da dambe da kokawa da naɗin sarauta da bikin aure. Da yawansu babu kwafinsu a ko'ina. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, kuma ko wanda bai lalace ba, ba a jin abin da yake ciki sai da rikoda mai lafiya. Rikodar kuwa an daina ƙera irinta mai inganci, sai dai a gyara tsohuwa.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɗalibai da hukuma. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana iya gayyato tsofaffin masu gyara su nuna wa ɗalibanta abin da suka sani. Sassan koyar da Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna iya tura ɗalibai su ɗauki tarihin waɗannan mutane daga bakinsu, su kuma tattara kaset daga gidaje, a juye su cikin kwamfuta, a mayar wa masu su. Wanda kuma yake da tsohon sitiriyo a ɗaki, kada ya jona shi da wuta bayan shekaru yana ajiye, kada kuma ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya kai shi wurin mai gyara tun yana raye, tun idonsa yana ganin bakin dalma.