Kangon da Gidan Pell Suka Tayar a Tikondaroga

Ranar 10 ga Mayun 2025 aka cika shekara 250 da asubar da wasu 'yan sa-kai Amurkawa 83, ƙarƙashin Ethan Allen da Benedict Arnold, suka haye tafkin Champlain suka ƙwace sansanin Tikondaroga daga hannun sojan Ingila, ba a kashe ko mutum ɗaya ba. Biki ya ja jama'a zuwa wannan lungu na arewacin jihar New York, aka yi ta ambaton Allen da Arnold. Ni kuwa wasu mata da miji ne suka tsaya mini a rai, don in ba dominsu ba, da 'yan bikin tarin duwatsu da ciyawa kawai za su tarar.

Faransawa ne suka fara gina sansanin a 1755, suka sa masa suna Carillon. Wurin mashigi ne: mai son sauka daga Kanada zuwa kogin Hudson ta ruwa dole ya bi ta nan. A Yulin 1758 Janar Montcalm na Faransa, da mutum ƙasa da 4,000, ya sa aka sare itatuwa aka fiƙe rassansu aka yi shinge, ya tare rundunar Ingila ta Abercrombie mai kusan 16,000, ya mayar da ita baya da asarar kusan 2,000 tsakanin matattu da masu rauni. Shekara na zagayowa Ingila ta dawo, Faransawa suka cinna wa rumbun albarushi wuta suka fice. Bayan ƙwacen su Allen a 1775, Henry Knox ya kwashe igwa 59 daga nan, aka ja su bisa dusar ƙanƙara tafiyar mil 300 zuwa Boston, da su aka kori Ingila daga birnin a Maris na 1776. Yaƙin Amurkawa da Ingila na ƙarewa aka watsar da wurin. Maƙwabta suka shiga ɗibar duwatsu da katako suna gina gidajensu, kamar dai yadda ganuwa ke ƙarewa a hannun masu neman ƙasar gini.

A 1820 wani ɗan kasuwar New York, William Ferris Pell, ya sayi filin, ya kewaye kangon don hana ɗibar. Ya gina gidan hutawa a bakin tafki, wanda daga baya ya zama masaukin matafiya. Nasa ƙoƙarin ke nan, kuma ba kaɗan ba ne a zamanin da ba wanda ke ganin tsohon bango da daraja.

Mai tayar da kangon tattaɓa-kunnensa ne, Stephen Pell. Labarin da ake bayarwa shi ne, yana ɗan shekara takwas yana wasa cikin duwatsun ya tsinci wani ɗan akwatin tagulla na ƙyastu, daga ranar ya ƙudurta sai ya ga sansanin ya miƙe. Yara da yawa kan ƙudurta irin wannan, girma ya mantar da su. Shi Allah ya haɗa shi da Sarah Thompson, mace mai kaifin kai, wadda daga baya ta shiga sahun masu fafutukar 'yancin mata, kuma mahaifinta, Kanar Robert Thompson, attajiri ne. A 1908 Stephen ya gamu da wani matashin mai zanen gini ɗan Ingila, Alfred Bossom, wanda ya riga ya zana yadda za a sake ginin. Suruki ya ɗauki nauyin kuɗi. Magina suka sauka, aka tone ƙasa, aka tsince duwatsun da suka zube aka mayar da su bisa tsohon harsashi. Duk abin da shebur ya tono, maɓalli ne, harsashin darma ne ko tsinken mashi, aka adana.

Ranar 6 ga Yulin 1909 aka buɗe ƙofa. An daidaita ranar da bikin cika shekara 300 da zuwan Samuel de Champlain tafkin. Shugaban Amurka William Howard Taft ya zo, jakadun Faransa da Ingila suka zo, wato jikokin waɗanda suka zubar da jinin juna a kan wannan tudu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Barikin hafsoshi kaɗai aka taɓa, shi ma bai kammala ba, amma aka nuna wa baƙi a haka.

Shekaru talatin da suka biyo baya su ne lokacin da nake so. Stephen ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya yana tuƙa motar ɗaukar masu rauni a Faransa, ya dawo da nasa raunin, ya koma kan aikinsa. Shi da Sarah suka bi dillalai da gidajen gwanjo suna sayen bindigogi, takubba, ƙahonnin albarushi masu zane, taswirori da wasiƙun hafsoshi, har tarin ya zama ɗaya daga cikin mafi girma na kayan yaƙin ƙarni na 18 a Arewacin Amurka. Sarah ta sa Marian Coffin, ɗaya daga cikin matan farko a sana'ar tsara lambu a ƙasar, ta tsara lambun da ke bayan gidan bakin tafki. A 1931 suka yi abin da masu dukiya ba su cika yi ba: suka kafa ƙungiya marar neman riba don wurin ya rayu bayan ransu. Sarah ta rasu a 1939, Stephen a 1950, ɗansu John ya karɓa.

Masana na yi wa ginin tsegumi, wai asalin bangon yawancinsa katako ne da ƙasa, su Pell suka mayar da shi dutse zalla. Gaskiya ne. Sai dai da ilimin zamaninsu suka yi aiki, kuma bangon da ake kushewa shi ya tsare abin da ke ƙarƙashinsa. Shekarun da suka biyo bayan John sun wuce da daɗi ba daɗi, baƙi na raguwa. A 2008 aka buɗe sabon ginin ilimi a gurbin rumbun da Faransawa suka tarwatsa, amma babban mai tallafi ya janye, tattalin arzikin duniya ya karye a shekarar, har aka fara tunanin sayar da wani zanen Thomas Cole. Wace cibiya ce ba ta ji jiki ba a waccan shekara? Zanen dai yana nan. Daga 2010, da Beth Hill ta karɓi shugabanci, aka ɗaure ɗamara aka mayar da ƙarfi kan abin da ya fi jan mutane, wato raya tarihi a gaban ido.

Da na kai ziyara, nan ne na fahimci wurin. Ma'aikata na sanye da kayan soja na ulu, ɗinkin hannu, a tsakiyar zafi. Akwai baduku a cikin bariki yana haɗa takalmi, akwai tela, akwai tukunyar wake da naman gishiri bisa murhu, irin rabon da sojan wancan zamani ke samu. Na tsaya kusa da wani saurayi yana ɗura bindigar toka. Ya ciji bakin ƙunshin takarda ya yage, ya zuba albarushi kaɗan a gefen kunama, sauran ya juye a bututu, ya danna da sandar ƙarfe, ya ɗaga. Ƙyas, shiru. Dutsen bai ba da wuta ba. Ya goge shi da babban yatsa ya sake, sai ƙara da farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, irin wanda duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan sallah ya sani.

A ranakun kwaikwayon yaƙi, masu sha'awa kan zo da tantinansu daga jihohi da Kanada, su jeru a kan tudun da aka gwabza a 1758, inda har yanzu ana ganin tudun ƙasar da aka yi kariya da shi. Bayan harbi biyu ko uku hayaƙi ya rufe fili, ba ka ganin na gabanka, umarnin hafsa ma sai ta bakin ganga da sarewa. Wanda ya karanta cewa Abercrombie ya yi ta tura mutanensa cikin shingen ƙaya yana iya cewa wauta ce kawai. Wanda ya tsaya cikin hayaƙin nan zai gane yadda runduna ke makancewa.

Wurin ba na gwamnati ba ne. Da kuɗin tikiti da gudummawa yake riƙe fili mai eka kusan 2,000, da ɗakin karatun da masu bincike ke zuwa, da motocin 'yan makaranta da ke cika harabar. Sanyin yankin kuma ba ya raga wa gini: ruwa ya shiga tsagar dutse, ya daskare, ya buɗa ta. Bangon da su Pell suka ɗora yanzu shi ma ya tsufa, yana neman magina, kuma babu wani Kanar Thompson da za a kai wa takardar kuɗi. Da na zo fita na ƙara wani abu a kan kuɗin tikitina. Saurayin nan yana zaune a bakin bariki da ruwan zafi da tsumma yana wanke bututun bindigarsa, baƙin albarushi har gefen leɓensa.