Na'urar auna matsin baƙin mai

Na'urar auna matsin baƙin mai wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a jikin injin mota domin ta riƙa auna ƙarfin da baƙin mai yake zagayawa da shi a cikin inji. Kashi biyu ce: sensa, wadda ake murɗawa a jikin inji, da kuma geji, wanda ake kafawa a gaban direba. Yawancin ƙananan motoci ba sa zuwa da geji daga kamfani, sai dai jar fitila mai hoton butar mai. Wannan fitila ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa ƙwarai, shi ya sa wasu direbobi da kanikawa suke ƙara geji domin su ga matsala tun tana ƙarama.

Muhimmancin matsin mai

Famfon mai ne yake zuƙo baƙin mai daga kaskon da ke ƙasan inji, ya tura shi ta cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa karanshaf da kan inji. Karanshaf yana juyawa ne a cikin wasu faifan ƙarfe masu laushi da kanikawa ke kira metal, kuma siririn shimfiɗin mai ne kaɗai ke raba su. Idan matsi ya gaza, ƙarfe zai ci ƙarfe, cikin ɗan lokaci inji ya buga.

Ana auna matsin da ba ko fi-es-ai, inda ba 1 yake daidai da kusan fi-es-ai 14.5. A injina da yawa, idan sun ɗauki zafi ana tafiya, matsin kan tsaya tsakanin ba 2 zuwa 4, ya sauka idan mota tana silo. Ainihin adadin ya danganta da irin injin, kuma yana cikin littafin kamfani. Ita kuwa jar fitila, a motoci da dama sai matsi ya sauka zuwa wajen ba 0.3 ko 0.5 take kamawa.

Ire-irenta

Akwai suwic na kashe-da-kunna, wanda kanikawa ke kira oyil suwic. Aikinsa kunna fitila kawai, ba ya nuna adadi.

Akwai geji na tiyo, wanda man da kansa yake bin siririn tiyo har zuwa bayan gejin. A ciki akwai wani lanƙwasasshen bututu da ke miƙewa idan matsi ya ƙaru, sai ya ja allura. Injiniyan Faransa Eugène Bourdon ne ya yi rajistar wannan fasaha a shekarar 1849. Illarsa ita ce idan tiyon ya fashe, mai mai zafi zai zubo cikin mota.

Akwai geji na lantarki, wanda sensarsa ke aika saƙo ta waya. Dole sensa da geji su kasance 'yan gida ɗaya, domin akwai masu aiki da om 10 zuwa 180, irin na kamfanin VDO, akwai kuma masu aiki da om 240 zuwa 33. Idan aka gauraya su, allura za ta nuna ƙarya.

Sababbin motoci kuma suna da sensa mai waya uku da ke kai saƙo ga kwamfutar mota. Idan ta sami matsala, na'urar binciken mota kan nuna lamba irin su P0520.

Yadda ake ɗaura ta

Ana fara aikin ne bayan inji ya huce, an kuma cire kan batir na negatif. Sai a nemo inda oyil suwic na asali yake, galibi kusa da filta ko a jikin bulok.

Mataki na biyu shi ne tantance tiredi. Motocin Amurka sun fi amfani da 1/8 NPT, na Japan irin su Toyota da Nissan 1/8 BSPT, na Volkswagen kuma M10x1. NPT da BSPT sun yi kama a ido, amma na farko yana da zara 27 a inci guda, na biyu 28. Idan aka tilasta ɗaya a ramin ɗaya, tiredi zai ci, mai ya riƙa yoyo, wani lokaci ma ramin ya tsage. Maganin wannan shi ne a sa adafta da ta dace.

Ba a so a cire suwic na asali a bar mota ba fitila. Direba ba kullum idonsa ke kan allura ba, amma jar fitila tana fizgar ido. Don haka ake sa mahaɗi mai baki uku ya ɗauki suwic da sensa tare, ko kuma faifan da ake sawa tsakanin filta da inji mai ramukan sensa. Idan sensar tana da nauyi, an fi so a kafa ta a gefe a haɗa ta da gajeren tiyo mai jure zafi, saboda girgizar inji tana iya karya mahaɗin.

Ana fara murɗa sensa da hannu, sannan a ƙarasa da sifana ba tare da an matse ta fiye da kima ba. Sensa mai waya ɗaya ta jikin inji take samun negatif, don haka naɗa farin tef mai yawa a tiredi yana iya hana ta aiki. Ana bi da waya nesa da salansa da bel, a ba geji wuta daga layin da ke kamawa idan an murɗa makulli, tare da fis.

A ƙarshe a tayar da inji a duba yoyo. Allura ya kamata ta tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan ba ta tashi ba, a kashe inji nan take, a gwada da gejin hannu na gareji kafin a ɗora wa sensa laifi.

Karanta geji

Matsi kan yi sama da safe lokacin da mai yake da kauri, ya ragu idan ya yi zafi, kuma wannan ba matsala ba ce. Allura da ke faɗuwa a kwana ko wajen taka birki tana nuna mai ya yi ƙasa a kasko. Matsi da ke raguwa a hankali cikin watanni kan nuna metal ko famfo sun fara cinyewa, ko rariyar famfo ta toshe. Geji ba ya nuna yawan mai, saboda haka bai ɗauke wa direba duba sandar awon mai ba.

A hanyar Katsina zuwa Jibiya

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Daddara zuwa Jibiya da Magama, ta ƙetara iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, misali ce ta inda wannan na'ura take da amfani. Motocin haya da dama da ke bin ta tsofaffi ne, irin su Golf da Sharon, kuma sukan ɗauki kaya da fasinja da yawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, abin da ke tsinka mai, ga ƙurar hunturu da ke saurin ɓata shi. Tsayuwa a shingayen bincike da bakin iyaka kuma tana barin inji mai zafi a silo, lokacin da matsi ya fi yin ƙasa.

Wasu injinan Golf na wancan zamani suna da suwic biyu: ɗaya na wajen ba 0.3, ɗaya na ba 1.8 wanda ake lura da shi idan juyin inji ya wuce 2,000 a minti, yana kuma sa ƙararrawa ta yi kuka. Akan sami wanda zai cire wayar don ya huta da ƙarar. Yin haka bai gyara komai ba, ya dai rufe bakin mai gargaɗi ne, kuma kuɗin geji da sensa bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba.