Kazar Baladi da Akurkin Iyayenmu

Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka nausa gabas har suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Tafiya irin wannan ba ta kaji ba ce. A nan iyayenmu suka tarar da kazar baladi, amma da sunayen gida suka kira ta: mai gajerun ƙafafu durgu, mai tsirarar wuya fingi, mai murɗaɗɗen gashi shazumama.

Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, namu suka shiga aikin auduga a Jazira, galibi 'yan ƙwadago a hawashar wasu. Akurki kuwa na uwargida ne, babu mai rabon amfani da ita. Da tsabar fatarita da dusa take kiwo. Ƙwai ya sayi gishiri, zakara ya tari baƙo.

Daga baya kajin gidan gona suka cika kasuwar Madani, 'ya'yanmu suka raina baladi, wai ƙwanta kaɗan ne, namanta da tauri. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ita takan yi kwanci ta ƙyanƙyashe da kanta, farar kuwa sai an kawo tsakonta da abincinta da maganinta a mota. Yaƙin 2023 ya tsayar da motar.

Tun da hanyar Madani ta buɗe a 2025, masu komowa ke bin ƙauyuka neman iri. Wanda ya samu, ya rarraba su gidajen 'yan'uwa, domin annobar samir kan share akurki guda cikin 'yan kwanaki.