Nutsewar Maharbi a Tazarar Yadi 1,000

A filin harbi na Bisley da ke Ingila, inda ƙungiyar maharban Birtaniya ta koma tun 1890, ana kammala gasar Kyautar Sarki ne da harbi daga yadi 900 da yadi 1,000. Harsashin .308 yana ɗaukar kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya ci wannan tazara, kuma iskar da ke kaɗawa a gicciye da gudun mil 10 cikin awa tana iya karkatar da shi fiye da mita biyu. Duk da wannan lissafi, gwanaye da yawa kan ce ranar da suka fi yin zarra ba su ji suna tunanin komai ba. Tambayar ita ce yaya aikin da ke cike da ƙididdiga zai zama aikin da hankali ke yin tsit a cikinsa.

Mihaly Csikszentmihalyi, masanin halayyar ɗan Adam ɗan asalin Hungary da ya koyar a Jami'ar Chicago, shi ya fito da wannan yanayi fili a littafinsa na 1975, ya kuma faɗaɗa shi a littafinsa Flow na 1990. A ganinsa mutum kan nutse cikin aiki har ya manta da kansa da lokaci idan abu uku sun haɗu: manufa bayyananniya, sakamakon da ake gani nan take, da kuma wahalar da ta yi daidai da gwaninta. Sharaɗi na farko ba matsala, ga tsakiyar allon da ake harbi can. Na biyun ne ke da gardama. Harsashin da ya kauce ba ya faɗa wa maharbi ko yatsansa ne ya fizgi kunama, ko iska ce ta juya a tsakiyar hanya. Ana ganin sakamako, amma dalilinsa a lulluɓe yake, kuma daga nan zargin kai ke shigowa.

Binciken ƙwaƙwalwa ya ɗan haska lamarin. A 1984 Bradley Hatfield da Daniel Landers da abokin aikinsu sun auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ƙwararrun maharba, suka ga cewa a 'yan daƙiƙun da ke gaban danna kunama, ɓangaren hagu mai alaƙa da magana da tantancewa yana lafawa. Ma'ana, zancen zuci yana raguwa. Sai dai a lura, an yi wannan awo ne kan harbin kusa, inda iska ba ta da ta cewa sosai, don haka ɗora shi kai tsaye kan yadi 1,000 akwai ganganci.

A tawa fahimtar, nutsewar maharbin nesa hawa biyu ce, kuma gwanintar tana wajen sauka daga ɗaya zuwa ɗaya. Da farko yana kwance rub da ciki, ido a madubin hange, yana duba tutocin iska da ke jere a gefen fili, yana karanta kawalwainiya: idan tana malala gefe, iska na tafiya, idan ta miƙe tana tafasa sama, iska ta tsaya ko tana shirin juyawa. Nan hankali a farke yake, yana auna, yana murɗa saiti. Da ya yanke shawara, sai ya ɗora kunci a gindin bindiga, ya saki numfashi, ya tsaya a ɗan hutun da ke tsakanin fitarsa da shigarsa, yatsa na ƙara nauyi sannu a hankali har bindiga ta tashi. Wanda ya shigo da lissafin iska cikin wannan hawa na biyu zai daɗe yana saiti, ido ya gaji, hannu ya fara rawa. Wanda kuma ya ji daɗin shirun har ya ƙi komawa ga tutoci, zai jera harbi masu tsabta a wurin da ba daidai ba.

Gasar ƙungiyoyi irin ta Palma, wadda aka fara a 1876, ta raba aikin ga mutum biyu. Mai horarwa ne ke zaune kusa yana karanta iska, shi ke murɗa saitin, maharbi kuwa jiran umarni kawai yake. Wannan tsari kansa shaida ne cewa maharba sun daɗe da gane ayyukan biyu ba sa zama a kai ɗaya lokaci guda.

Doka ma na da tasiri. A Amurka an saba barin maharbi ya yi harbinsa a jere cikin wa'adin da aka ba shi, yana iya sakin harsasai da sauri muddin iska na nan yadda take, abin da ke sauƙaƙa nutsewa. A Bisley kuwa mutum biyu ko uku ke karɓa-karɓa a allo ɗaya, kowa da daƙiƙa 45. Duk harbi sai an sake karanta iska, an sake gina shirun daga tushe, ana kuma rubuta makin abokin hamayya a tsakani.