Barcin REM

Barcin REM mataki ne na barci da idanu ke yawan motsi da sauri alhali suna rufe, ƙwaƙwalwa kuma tana aiki kusan kamar ta wanda yake farke. A nan ake yin yawancin dogayen mafarkai. Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka gano shi a Jami'ar Chicago ta Amurka a 1953. Daga baya Michel Jouvet, a Lyon ta Faransa, ya nuna ta gwaji kan kyanwoyi cewa gindin ƙwaƙwalwa ke sarrafa shi.

A wurin babba yana cin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na barcin dare, yana dawowa kusan duk bayan minti 90, yana ƙara tsawo gab da asuba. Jarirai kuwa, kusan rabin barcinsu shi ne.

A lokacinsa tsokokin jiki kan saki, ban da na numfashi da na ido. In mutum ya farka kafin sakin ya wuce har ya kasa motsi, wannan ne dannau. In kuma sakin bai samu ba, mai barci kan yi ta naushi da shuri yana aikata mafarkinsa. Carlos Schenck da Mark Mahowald na Minnesota sun bayyana wannan cuta a 1986. Ba abar rainawa ba ce, domin sau da yawa takan riga cutar Parkinson bayyana da shekaru.