Dodon koɗin teku «bulot»: hayayyafarsa da tarihinsa a hannun masunta

A wannan ɗan rubutu za mu duba wani dodon koɗi na teku wanda Faransawa ke kira «bulot», wanda masani Linne ɗan ƙasar Suwidin ya raɗa wa suna Buccinum undatum a shekarar 1758. Yana zaune a ƙasan ruwa mai sanyi na arewacin tekun Atalantika, yana cin tsutsotsi da mushen kifi.

A ganinmu, ba a fahimtar tarihinsa sai an fara da hanyar hayayyafarsa. Da hunturu mace takan saka ƙwai cikin ƴan kwanso da take mannawa curi guda bisa dutse. Kowane kwanso na ɗauke da ɗaruruwan ƙwai, amma kaɗan ne ke zama ƴaƴa, kuma su ne ke cinye sauran. Daga nan sai su fito da ɓawonsu suna rarrafe. Ba sa yawo bisa ruwa kamar ƴaƴan sauran halittun teku da yawa. Ke nan in an ƙare su a wani wuri, igiyar ruwa ba za ta kawo wasu daga nesa ba.

Masuntan Faransa masu zuwa Terre-Neuve kamun kifin «morue» sun daɗe suna maƙala namansa a ƙugiya. Sai a rabi na biyu na ƙarni na 20 ya zama abincin kasuwa sosai, garin Granville na Normandi ya zama babbar tasharsa.

Sannan ga guba. Fentin jiragen ruwa mai sinadarin TBT yana sa mata su fitar da gaban namiji. Faransa ta hana shi ga jiragen da ba su kai mita 25 ba a 1982, amma yarjejeniyar duniya ta 2001 ba ta fara aiki ba sai 2008, jinkirin da muke ganin ya yi yawa. Kafin nan dodon ya riga ya ɓace daga tekun Wadden na ƙasar Holan, inda masana ke raba laifi tsakanin gubar da kamun da ya wuce kima.

A 2019 Tarayyar Turai ta yi wa «bulot» na Granville rajistar sunan asali, kuma doka ta hana kama wanda bai kai milimita 45 ba. Sai dai wannan gaɓa tana kusa da iyakar kudu ta mazauninsa, ruwanta kuwa yana ƙara ɗumi.