Darakula a Sakkwato: Maye Ne Ko Fatalwa?

Kwanan baya na sake kallon wani tsohon fim ɗin Turawa mai suna Dracula, wanda mu a Sakkwato muke kira Darakula, sai ya tuno mini da wata gardama da aka tafka a gidanmu a bazarar 1996, da kuma abin da ya biyo bayanta, wanda har yau idan na tuna shi sai kunya ta rufe ni. Amma kafin mu kai can, bari in ɗan ba mai karatu tarihin fim ɗin.

Asalin labarin littafi ne da wani marubuci ɗan ƙasar Ailan, Bram Stoker, ya wallafa a 1897, a kan wani basarake na yankin Transilbaniya, wanda yanzu yake cikin Romaniya, da ya mutu amma yake tashi da dare yana shan jinin mutane. Jamusawa ne suka shirya Nosferatu a 1922 ba da izini ba, har matar marubucin ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata fim ɗin, sai dai wasu kwafe sun tsira. A 1931 aka yi na Amurka da Bela Lugosi. Wanda muka kalla shi ne na kamfanin Hammer na Ingila, mai kala, na 1958, inda Christopher Lee ya fito a Darakula, Peter Cushing kuma ya fito a Dakta Van Helsing. Da ya fito, hukumar tace fina-finan Ingila ta hana ’yan ƙasa da shekara 16 kallonsa, amma da aka sake fito da shi a 2007 sai aka sassauta har ɗan shekara 12 ya iya shiga. Ka ga ko a can ma ra’ayi ya sauya.

Mu kuwa dama da tsoronmu fim ya same mu. Tun zamanin da motar majigi ke yawo gari-gari kakanninmu suka laƙaba wa abin suna dodon bango. Ko da yake akwai unguwar da ake kira Sokoto Cinema, mu ’ya’yan gida ba a barin mu zuwa sinima, domin ana ganin wurin ’yan iska ne. Bidiyo ce ta kawo mana dodon har tsakar gida.

Kawuna ne ya aro kaset ɗin. Aka fito da talabijin waje saboda zafi, aka shimfiɗa tabarmi, yaran maƙwabta suka cika gidan. Ba mai jin Turancin sosai sai wani yayanmu da ke karatu a Jami’ar Usmanu Danfodiyo, shi ke fassara mana. Aikin bai yi masa yawa ba, domin Darakulan Christopher Lee a farkon fim kawai yake magana, daga nan sai jajayen idanu da haƙora. Da aka zo ƙarshe, inda likitan ya ruga a kan dogon tebur ya fizgo labule, hasken rana ya faɗa wa Darakula, ya haɗa sandunan kyandir biyu ya yi gicciye da su har mugun ya zama toka, sai yara suka ɗauki ihu wai akta ya kashe bos. Daren nan duk tsananin zafi ba yaron da ya yarda ya kwana waje.

Washegari gardama ta kaure, kuma ta kai mako ana yin ta. Kakarmu, wadda muke kira Inna, ita ce ta fara yanke hukunci. Ta ce, “Wanga maye na, ku dubi yadda ɗiyag ga ta rame.” Hujjarta ita ce budurwar nan Lucy: tana kwance tana ƙanjamewa, likitan gida ya rasa gane kan ciwon, kuma da dare abin ke zuwar mata. Ai haka ake ba da labarin wanda maye ya kama wa kurwa.

Kawu bai yarda ba. Ya ce, “A’a Inna, wanga ba maye ba na. Maye mai rai na, da shi aka cin tuwo. Wanga ko ya mutu, hwatalwa ta.” Ya ƙara da cewa maye kurwa yake kamawa, ba ya barin tabon haƙori a wuya, kuma ba a taɓa jin mayen da ke kwana cikin akwatin gawa ba.

Yayanmu ɗan jami’a ya zo da tasa fassarar. Shi a ganinsa labarin masu hannu da shuni ne: basarake a katafaren gida, talakawan ƙauye ko sunansa ba sa iya ambata. Ya ce ba bambanci da ’yan shan jinin da ake ta raɗe-raɗinsu a lokacin, inda duk wanda ya yi kuɗi farat ɗaya sai a ce da jini ya same su. Matan gidan kuma abin da ya tsaya musu a rai daban ne: me ya sa Lucy da kanta ta buɗe ƙofar ɗakinta, ta cire abin wuyanta, ta kwanta tana jiransa? Kuma me ya sa ’yar aikin gidan ta biye mata ta kwashe furen tafarnuwar da likita ya ce a bari? Tafarnuwar ma dariya ta ba mu, domin mu maganin mura muka san ta. Akwai ma yaran da suka rantse sun ga Darakula ya rikiɗa jemage, alhali a wannan fim ɗin bai rikiɗa ba. Jemagun da ke kan dogon yaron ƙofar gidanmu ne suka shiga musu kai.

Sai da na girma na karanta tarihi na gane cewa Inna da Kawu kowa da rabon gaskiyarsa. Tun kafin Stoker, mutanen gabashin Turai sun yi imani da matattu masu shan jini. A 1725, a wani ƙauye na Sabiya, mutane sun yi ta mutuwa bayan gajeriyar jinya, sai aka tone kabarin wani manomi aka soke gawar da tsinin itace aka ƙone ta. Abin ya yi ta yaɗuwa har sarauniyar Ostiriya, Mariya Teresa, ta sa likitanta Gerard van Swieten ya bincika, sannan ta hana tone kaburbura a 1755. Ko a Amurka, a jihar Rhode Island, an tone gawar wata budurwa a 1892 aka ƙone zuciyarta, alhali tarin fuka ne ke kashe danginta. Wato cuta ce da ba a gane ta ba, sai a nemi wanda za a ɗora wa. Wannan kuwa ita ce maita kamar yadda Inna ta gani. Sai dai bambancin da Kawu ya kawo shi ne babba: su gawa suke tonewa, mu kuwa mai rai muke kamawa.

To, a wannan bazarar ta 1996 ce annobar sanƙarau ta mamaye Arewa, ta kama sama da mutum 100,000, ta kashe fiye da 11,000. Bai fi mako biyu da kallonmu ba wata yarinya a layinmu ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, wuyanta ya sanƙare, tana sambatu. Cikin sambatun ta ambaci wata tsohuwa mai sayar da fura, wadda ta zo daga ƙauye, ba ta da ɗa ba ta da jika a garin. Shi ke nan. Samari suka taru suka jawo ta, aka tilasta mata ta tsallake yarinyar wai ta saki kurwarta. Mu yara muna biye muna jifa muna cewa Darakula, muna nuna wuyan yarinyar a matsayin shaida. Ni ma ina cikinsu, kuma muryata ba ta fi ta kowa sanyi ba. Tsohuwar nan tana kuka tana rantsuwa, ba mai saurare.

Kawu ne ya kutsa cikin taron ya fitar da ita, ya kuma matsa wa iyayen yarinyar sai da aka kai ta asibiti. An riga an ɓata kwana biyu ana neman maye. Ta rayu, amma ta kurmance. Tsohuwar kuwa ta tattara ƙorenta ta bar unguwar, ban sake ganin ta ba, ban kuma samu damar neman gafararta ba.

Ba ina cewa fim ne ya koya mana wannan ba. Zargin maita ya girmi bidiyo, ya girmi majigi. Abin da fim ɗin ya ba mu sabon suna ne kawai da muka jefi tsohuwar da shi. Da na sake kallonsa yanzu, haƙoran roba da jan fenti ba su tsorata ni ba, Christopher Lee ma ya rasu tun 2015. Wurin da ya taɓa ni shi ne inda Van Helsing da mai gidan suka kwana a waje suna gadi, ashe akwatin Darakula na ajiye a ɗakin ƙasa na gidan da suke tsaro. Mu ma a layinmu waje muka yi ta dube-dube, cutar kuwa tana cikin ɗakunan da muke cunkushe a ciki muna shaƙar numfashin juna.

Saboda haka roƙona ga mai karatu, musamman marubutanmu masu son saka mayu da fatalwa a littattafansu, shi ne a ci gaba da ba mu tsoro a takarda, ba laifi, amma a riƙa tunawa da tsohuwar da za a iya nunawa da yatsa. In yaro ya kwanta da zazzaɓi wuyansa ya ƙage, asibiti za a nufa a ranar, ko sunan wa ya kira. Allah ya yafe mana, ya jiƙan Inna da Kawu.